Rariyar Injin Alhaji Labbo

Da hantsi Alhaji Labbo, ɗan kasuwar gyaɗa, ya shigo komisariyar 'yan sanda ta Magariya. Ya ce an sace rariyar sabon injinsa na ɓarar gyaɗa, ga buhuna jibge suna jira.

Sufeto Mainassara ya tambaye shi wa yake zargi. Alhaji ya ambaci Gaji maƙeri, abokinsa tun yarinta. Da farko Gaji ya sa ya ƙera masa inji daidai da ƙananan gyaɗar yankin. Aiki ya yi nisa, sai Alkasim, ɗan wansa mai kula da sito, ya matsa a sayo na kanti daga Kano, wai ya fi sauri. Alhaji ya bi shawararsa, ya fasa na Gaji.

A siton, Sufeto ya tarar da kwaɗo lafiya lau. Alkasim ya ce ai maƙeri ba ya rasa dabarar buɗe kwaɗo.

Gaji kuwa ya ce bai taɓa taka siton ba.

"Mai goron da ke bakin ƙofar ta gan ka ranar kasuwa," in ji Sufeto.

Gaji ya ajiye guduma. Ya ce Alkasim ne ya kira shi ya duba ko rariyar za ta gyaru, bai iya ba. "Ya roƙe ni kada Alhaji ya ji."

Sufeto ya koma siton tare da Alhaji, ya sa aka farke buhunan da ke can ƙurya. Gyaɗar duk ta dagargaje, ba mai sayenta.

"Me ya yi mata haka?" in ji Sufeto.

Alkasim ya zauna a kan buhu. Ya ce injin don manyan gyaɗa aka yi shi, tun ranar farko yake murƙushe tasu. Shi ya cire rariyar ya jefa a tsohuwar rijiya, don a daina aiki da injin kafin asiri ya tonu.

"Baba, ni na ce ka saya. Na kasa kallon idonka."

"Sai ka bar ni na kai sunan Gaji wurin hukuma?"

Aka tafi da Alkasim. Alhaji ya bi Sufeto har maƙera don ya ba da haƙuri. Gaji ya amsa sallamarsa, ya shimfiɗa masa tabarma kamar yadda ake yi wa baƙo, ya ci gaba da dukan ƙarfensa.