Maɓallin Muryar da Audi Ya Gyara

Da farko ƙara kawai yake yi. In Malam Ja'afaru ya murɗa maɓallin murya, sai ka ji ƙurrr kamar ana jan tsakuwa a kwano, sifikar hagu ta ɗauke, ta dama ta yi ihu. Kayan kiɗan nan kuwa da su ya dawo daga kwas a Ingila: akwatin faifai, ƙaramin akwati na tsakiya mai maɓallai, da babba mai tura sauti. Duk Unguwar Sarki ba mai irinsu. Matarsa Kaltume ce ta ce, "Malam, ga Audi. Me za ka kai wa bare?"

Audi ƙanenta ne, ciki ɗaya, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Yana da rumfar gyaran rediyo a Kawo. Ya ɗauki akwatin tsakiyar ya tafi, ya dawo da shi yana murmushi, ya ce cikin maɓallin ne ya cinye, ya sa sabo fil daga Legas. Kaltume ta zuba masa tuwo har da ƙari.

Ran nan da almuru, kaji sun shiga akurki, Kaltume na alwala a bakin rariya, sai ta ji magana a falo. Malam yana masallaci. Ta leƙa. Ba faifai a kai, waya ma a zare take daga bango, amma maɓallin yana juyawa a hankali shi kaɗai, wata tsohuwar murya tana tasowa daga sifika, tana gunaguni kamar mai neman hanyar fita. Sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi. Ɗaya. Shiru. Wata kuma.

Haka kowace magariba. Daga nan abin ya koma kan Hansai, 'yarsu tilo mai zuwa makarantar 'yan mata. Yarinya ta daina cin abinci. In ta buɗe baki, muryarta ta yi ƙasa har sai ka kai kunne, can kuma ta tashi da ƙarfi har maƙwabta su fito, kamar wani ne ke murɗa ta. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba.

Audi kullum yana gidan. Shi ke riƙe hannun Hansai in ta fara fizga.

"Audi, ko dai gyaran nan ne?" Kaltume ta tambaye shi a zaure.

"Haba Yaya! Wallahi sabo ne, a kwalinsa na ciro. Kiɗan Turawan nan ne ya jawo mutanen ɓoye. Ni dai ban so in faɗa ba ne."

Ta yarda. Wa za ta yarda da shi in ba shi ba? Ta juya wa mijinta baya, ta ce kiɗansa ya ci mata 'ya. Bawan Allah ya kwashe faifansa duka ya ƙone a bayan gida. Tsakuwa ba ta daina ba.

Sai aka ɗauko Malam Datti daga Katabu, tsoho mai ƙaramar murya. Ya sa aka shimfiɗa Hansai a falo gab da faɗuwar rana, ya zauna wajen kanta yana karatu. Ya daɗe. Can yarinya ta miƙe zaune, idanunta a rufe, tsohuwar muryar nan ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Tsohuwa ce. Ban zo da faɗa ba, kawo ni aka yi."

"Daga ina?"

"Kangon da ke bayan Mando, inda ba mai shiga. Akwai mataccen rediyo a ɗakin ƙurya, nan nake zaune tun kafin a haifi wannan. Aka zo aka narkar da darma, aka cire maɓallin, shi ne ƙofata, aka liƙa ta a nan. In bi ta ina in koma?"

"Sai ki kama 'yar mutane?"

"Na yi magana ta akwati, ba wanda ya saurara. Na yi jifa. Shi da ya sani ma na kira sunansa, ya toshe kunne."

Kaltume ta matso. "Wa?"

Hansai ta juya fuska wajen ƙofa. "Ga shi can. Maɓallinku na asali datti ne kawai ya shige shi. Ya wanke shi tas, ya sa wa wani hafsan sojan sama da yake neman shiga wajensa."

Audi ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa.

"Me kike so ki fita?" in ji Malam Datti.

"A mayar mini da ƙofata. Hannun da ya cire, shi zai liƙa. Kuma a yanka mini baƙin akuya."

"Yanka babu. Ƙofa za a mayar yau. Ki yi alkawari da Allah."

Ta ce ta yi. Audi ya kwance akwatin a gabansu, ya cire maɓallin, Malam Ja'afaru ya sa shi a mota suka nufi kangon. Ana kiran isha'i Hansai ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta da, "Umma, yunwa."

Kaltume ta ba ta kunu a baki har ta ƙoshi. Da mijinta ya dawo ta durƙusa ta nemi gafararsa, ya ce ba komai.

Washegari Audi ya zo ya tsaya a zaure. "Salamu alaikum. Yaya?"

Ta amsa sallamar, don wajibi ce. Ta zuba tuwo ta rufe, ta sa aka kai masa can. Ya zauna yana jira a ce ya shigo har tuwon ya huce.