Kwanon Abincin Hedimasta

Ranar da Safiyyatu ta fara kawo wa mahaifinta abincin rana a firamaren da yake hedimasta a Illela, Malam Uzair yana gaban allo. Ya hango ta ta taga, alli ya kuɓuce masa, 'yan aji suka kwashe da dariya.

A Sakkwato ta tashi wurin goggonta, shi ya sa bai santa ba. Amma uban nata, Malam Maccido, shi ya riƙe Uzair tun yana maraya har ya zama malami.

Kafin zangon karatu ya ƙare sun shaƙu. Tana ce masa Malamina, yana ce mata Sanyin Ido.

Maganar na isa kunnen hedimasta ya kashe zancen. Ya ce ya ga yadda matarsa Hindatu ta tsufa tana jiran albashi, 'yarsa ba za ta auri malamin makaranta ba. Ga kuma Usama, mai kai albasa Konni, yana ta zarya a ƙofar gida.

Abin tausayi, kullum da safe sai Uzair ya rusuna ya gaida mutumin da ya hana shi, su tsaya tare gaban yara. Aka hana Safiyyatu zuwa, kwanon abinci ya koma hannun ɗan kabu-kabu. Uzair ya daina kiranta don kunyar ubanta, ita kuwa ta ɗauka gudu ya yi.

Ta turo masa saƙo: "Malamina, magabatan Usama suna tahe ran Juma'a. In ka haƙura da ni ka gaya min, in san kukan mi nika yi."

Ya amsa: "Sanyin Ido, ban haƙura ba. Wanda ya ciyar da ni shi ya rufe ƙofar, ban iya ɓalle ta."

Ran Alhamis da aka tashi, ya shiga ofis ya roƙi a mai da shi makarantar garin Kalmalo, don ba zai iya zama ya ga bikinta ba. Maccido ya harare shi.

"Iyakar son ke nan? Mai so magabata yaka aikowa ko an kore shi. Kai ko mutum guda ba ka aiko ba."

Uzair ya sunkuyar da kai. "Baba, wa za ni aikowa? In an ce in kawo ubana, kai za ni kawowa. Ba ni da wani."

Tsohon bai taɓa lura cewa ranar da ya hana yaron 'yarsa, ya raba shi har da mai nema masa ita ba. Da ya koma gida Hindatu ta ƙarasa shi, ta ce ta jira albashi kam, amma ba ta taɓa nadamar mijin ba. Washegari ya ba mutanen Usama haƙuri.

Ranar ɗaurin aure ya miƙa wa ƙanensa waliccin amarya, ya tattare riga ya koma ɗaya gefen tabarma. Liman ya tambayi wakilin ango.

"Ga ni," in ji Maccido. "Na zo nema ma ɗana aure. Malamin makaranta ne, ba ya da komi, amma ni na rene shi."

Uzair ya rufe fuska da hula yana kuka, aka shafa fatiha. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.