Cediyata da Mai Waya

"Ke ce kika rubuta wannan?"

Ina cikin ɗaure ƙusar gilashin wani dattijo na ɗago kai. Matar da ke tsaye a gabana ba gwajin ido ya kawo ta shagonmu ba. Wayarta ta turo min a kan tebur, har ta bugi madubin da masu saye ke duba fuskarsu.

Na karanta. Rubutuna ne, an ɗauki hotonsa.

"Shekara guda ke nan da aka cire min mahaifa. Ba zan taɓa haihuwa ba. Don Allah ya tsaya tsakaninmu."

"Ni ce," na ce.

"Ni ce yayar saurayin naki!" Ta dafa teburin da hannu biyu. "Shi kaɗai ne namiji a gidanmu, kin ji ko? Shi kaɗai! Kika rufe shi, kika ja shi har yana maganar aure..."

"Ya sani."

"Ya me?"

"Ya sani, Yaya. Tun kafin ya ga fuskata."

Ta ɗauke hannuwanta daga teburin. 

"Kada ki ƙara ce min Yaya. Mahaifiyarmu na kwance tun jiya, jininta ya hau. In kina da sauran imani, ki fita daga rayuwarsa."

"To."

Ta tsaya tana jiran ƙari. Ina jin kuka take jira, ko roƙo, ko zagi. Na duba cikina ban samu ko ɗaya ba. Ta fizge wayarta ta fita, ni kuma na ƙarasa ɗaure ƙusar, na goge gilashin, na miƙa wa dattijon.

"Baba, gwada mu gani."

Haka nake tun bayan aikin da aka yi min. Nakan ci abinci don an zuba, in yi wanka don gari ya waye. Wanda zan aura a lokacin, wani ne daban, ya zo asibiti sau biyu, na ukun saƙo ya turo. Na karanta, na ajiye wayar, na tambayi nas ko za ta rage min fanka.

Likita ce ta ce in nemi abin da hannuna zai riƙa yi. A hanyar gida na ga mai sayar da furanni ya ajiye wata cediya, tsawonta bai kai kamu biyu ba, a tukunya mai faɗi kamar faranti. Ya ce bonsai ake ce mata, bishiya ce sosai, sai dai ana aske ta ana rage saiwarta don kada ta girma. Na saya ba don ta burge ni ba. Ita ce kusa da hannuna.

Cikin sati biyu ganyenta ya koma rawaya.

Na nemi wani zaure a intanet na masu wannan sha'awa, mutum kusan ɗari huɗu, kowa da laƙabinsa. Na sa hoto, na rubuta: "Sabuwar shiga ce ni. Ta mutu ne?"

Amsa ta farko daga wani mai suna Mai Waya ta zo.

"Sau nawa kike ba ta ruwa?"

"Sau uku a rana."

"Baiwar Allah, bishiya kika saya ko kifi?"

Zauren ya cika da dariya. Ya ce in kankare bayan reshe kaɗan da farce, in na ga kore a ƙasa tana da rai. Na kankare. Kore ne.

Na ɗauka gyaran waya yake yi. Ashe malamin lissafi ne, laƙabin kuwa daga wayar ƙarfen da ake naɗa wa rassa ne don a lanƙwasa su yadda ake so. Duk zauren babu wanda ya kai shi iya naɗi.

Daga nan duk Asabar nake sa hoto. Mako na biyar, ganye shida. Mako na tara, na sake mata ƙasa mai tsakuwa. Mako na sha huɗu, na yanke reshen da bai kamata ba, ya turo hoton mutum ya ɗora hannu a ka. Hirarmu ta bar zaure ta koma tsakaninmu. Ranar da ya fara ce min "Sabuwata" na rubuta masa gaskiyata duka, don kada ya ɓata lokacinsa.

Ya karanta. Sannan ya rubuto:

"Ciwon ya daina?"

Babu wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Kowa haihuwar yake tambaya. Bayan nan ne ya fara zuwa gidanmu, shi da kansa ya naɗa wa cediyar waya.

Mutum ɗaya na ƙara faɗa wa, shugabar zauren. Ita ta kafa shi, ita take karɓar sababbi, kullum "ƙanwata" take ce min. Wata rana ta matsa min da tambaya me ya sa hotunana ba sa nuna fuska, me ke damuna, na saki jiki na rubuta mata. Ban san shekara uku ta yi tana aika wa Mai Waya tukwane kyauta ba. Ban san ta san gidansu ba, sai da hoton saƙona ya isa can.

Da na tashi aiki ranar da yayarsa ta zo shago, na fita daga zauren, na rufe lambarsa, na hau mota zuwa gida.

Umma na ninke kaya a falo.

"Auta, lafiya? Fuskarki kamar takarda."

"Yayarsa ta zo. Sun ji."

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Shi ya ce me?"

"Ban tambaye shi ba."

"Haba Auta! Ki ji ta bakinsa mana..."

"Umma, akwai ruwan zafi?"

Ta bi ni da ido har na shige ɗaki.

Sati bakwai aka yi. Ina zuwa aiki ina dawowa. Ina auna idon mutane, in ce wannan ya fi ko wancan, in rubuta lamba. Cediyar na kan taga inda take. Nakan tsoma yatsa a ƙasarta, in ta bushe in zuba ruwa, kamar yadda nake kashe fitila in zan fita. Ban ɗauke ta hoto ba ko sau ɗaya. Mai Waya ya zo shago sau uku, na shige ɗakin gwaji na ce a ce ba na nan. Umma ta daina yi min maganarsa, sai dai nakan ji ta tana jan numfashi a bayan ƙofata.

Wata Asabar da hantsi ina zaune bakin gado, na ji muryarsa a falo yana gaida Umma.

Ta leƙo.

"Ni na ce ya zo. In za ki yi fushi, da ni za ki yi."

Na fito da mayafi. Ya rame. Rigar da na san yana cika ta tana lilo a kafaɗarsa. Ya miƙe tsaye.

"Ina bishiyar?" ya ce.

Na ɗauko masa. Ya juya tukunyar a hankali, sai na ga fuskarsa ta canja.

"Sabuwata... wayar nan tun yaushe?"

"Tun da ka naɗa."

Reshen ya yi ƙiba, wayar ta nutse cikin ɓawonsa. Kullum ina kallonta ban gani ba. Ya ciro ɗan ƙaramin almakashi daga aljihu ya durƙusa gaban teburin Umma, yana datse wayar guntu-guntu. 

"Tabon zai tafi?" na tambaya.

"Zai ragu. Ba zai tafi duka ba."

Ya ci gaba da yanka, bai kalle ni ba.

"Laifina ne," ya ce. "Wata biyar na sani. Kullum in ce gobe zan faɗa wa Mama, gobe zan faɗa mata. Tsoro na ji. Na bari har ta ji a bakin wata, a mafi munin hanya. Na bari aka zo wurin aikinki..."

"Ya wuce."

"Bai wuce ba! Ki zage ni mana! Ki ce wani abu!"

"Ba ni da abin cewa. Yayarka ta yi gaskiya. Kana son yara, na ga yadda kake maganar ɗalibanka."

"Ina so." Ya ajiye almakashin. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ina so. Na zauna na yi tunanin gidan da babu su, ya yi min ciwo. Sai na yi tunanin gidan da babu ke. Sati bakwai na zauna a cikinsa, rabin raina. Ba zan iya ba."

Na kalli guntayen wayar a kan tebur. Na ƙirga su. Goma sha ɗaya.

"Mama fa?"

Ya ciro wayarsa ya danna, ya miƙo min.

"Tana jira."

Muryar tsohuwa ce, a gajiye.

"'Yata, kina ji na?"

"Ina ji, Mama. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Har yanzu in na tuna ina yi. Na so in goya ɗansa kafin in mutu." Ta yi tari. "Amma shi ma ɗa ne, kuma shi ne a gabana. Ya zauna a teburina kamar baƙo, abinci sai na roƙe shi. Kuma na tambayi kaina, da 'yata ce aka yi wa wannan aikin, wa nake so ya ƙi ta?"

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Ban ce zuciyata ta gama yarda ba. Tana hanya. Za ki yi haƙuri da ni?"

"Zan yi, Mama."

"Abin da aka yi miki a shago ba da yawuna ba ne. Ki yafe."

Na miƙa masa wayar. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Wani abu ya motsa a ƙirjina, mai zafi, kamar ƙafar da aka daɗe a kanta jini ya fara dawowa. Ba daɗi ba ne. Amma na ji shi.

"Ba zan warke gobe ba," na ce. "Wata rana za ka yi min magana ka ga kamar bango kake yi wa."

"Na sani."

"Kuma ba zan koma zauren nan ba."

"Babu kowa ciki ai. Da labari ya fita mutane suka watse, wani tsohon malami ya buɗe sabo. Kullum sai an tambaya ina mai kifi."

Daga kicin na ji Umma ta fashe da dariya, tana jan hanci.

Bayan wata huɗu aka ɗaura mana aure. Yayarsa ba ta zo ba, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Mama ta zo, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Ranar da zan tare, an gama loda kaya a babbar mota, na ce cediya ba za ta shiga cikinsu ba. Na ɗora ta a cinya a kujerar gaba. Ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai, duk rami sai ya tsaya cak. Layin motoci ya taru a bayanmu, ana ta danna oda, wani direba ya zuro kai yana yi mana ihu.

"Mai Waya, za su dake mu fa."

"Su daka. Ki riƙe ta ta ƙasa, sabuwar ƙasa ce, kada ta zube."

"Amarya ka ɗauko ko bishiya?"

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe, har na baya ya sake danna oda.

"Me?" na ce.

"Ba komai, rabin raina. Murmushi kike yi."

Na taɓa fuskata. Da gaske ne.

"Kalli hanya," na ce.