Ranar da Aka Farke Katifata

Marin farko ban ji zafinsa ba, ƙararsa kawai na ji. Na biyun ne ya kai ni ƙasa, cikin tulin auduga, a gaban duk matan layinmu.

"Na waye wannan ƙazantar?" in ji Yaya Isam, yana kaɗa littafin a saman kaina.

Nawa ne, shi da sauran da suka warwatsu a kan tabarma. A bangon wanda yake riƙe da shi, rigar wata mace ta zame daga kafaɗa, wani ƙato babu riga ya kifa fuska a wuyanta.

Ranar ɗinkin katifun aurena ce. Tun da safe Usta Fikri mai katifa ya baje auduga a tsakiyar layi yana shiɓa, an kafa lasifika, mata na rangaɗa guɗa daga saman benaye, Mama na raba lemo baki har kunne, sai ka ce ita za a kai. Ni aka aika wurin tela karɓo yadin matasai. Kafin in dawo Mama ta ga audugar ba za ta kai ba, ta sa aka sauko da tsohuwar katifata a ƙara da audugar cikinta. Usta Fikri na sa mata wuƙa littattafaina suka zubo.

A can nake ɓoye su, don tun rasuwar Baba Yaya Isam ya naɗa kansa limami da alƙali da ɗan sanda a gidanmu. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a kantin magani mafi girma a unguwarmu da ke birnin Tanta, amma ko wayata ba ta tsira daga bincikensa ba.

Kuma ba zan yi ƙarya ba, ina son littattafan nan kamar raina. Masu zaginsu suna zaton shafin da aka rufe ƙofar ɗaki muke bi. To, muna karanta shi, har mu maimaita. Amma daɗin yana can baya, inda hannunsa ya gogi nata wurin miƙa kofi, ita da mai karatu duk numfashi ya ɗauke. Daɗin shi ne a cikinsu mace tana sha'awa, ta faɗa da bakinta, sama ba ta faɗo ba. Namiji yana lura da ta sauya turare. In wani ya taɓa ta, ya tsaya mata ko duniya za ta tashi. Kuma duk wuyar da za su sha, kin san a ƙarshe nasa ce.

Tamir ya san ina karanta su. Shi ne wanda zan aura, mai gyaran firji, mutum mai sanyin hali da ko kyanwa ba ya kora daga shagonsa. Yakan tsokane ni wai mazan littattafaina faɗin ƙirji kawai gare su, ba wanda ya iya canza ƙwan fitila. Wani lokaci kuma ya rage murya ya ce in faɗa masa abin da ya faru bayan an rufe ƙofar. In ce masa ya yi haƙuri, in an ɗaura zan karanta masa da kaina, har na lanƙwashe shafukan. Kunnuwansa su yi ja, ni kuma in ji kamar in haɗiye shi don so.

Yaya Isam ya buɗe ɗaya daga shafukan da na lanƙwashe. An riga an kashe kiɗa. Ya karanta layi biyu da ƙarfi yadda na saman bene ma za su ji, ya tofa yawu, ya damƙi gashina ta cikin mayafi ya fara jana a ƙasa zuwa ƙofar gida. Mama na riƙe rigarsa tana haɗa shi da kabarin Baba, ya hankaɗe ta. Da na yi yunƙurin tashi ya sa takalmi ya shure ni a haƙarƙari, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Maza na tsaye a bakin shagon shayi, ba wanda ya motsa, ai wa ne yake hukunta ƙanwarsa.

Ban ga zuwan Tamir ba, muryarsa na ji.

"Sake ta, Isam."

"Ka san abin da za ka kai ɗakinka kuwa? Ɗauki ka karanta."

"Na san su. Wasu ma ni na sayo mata. Na ce ka sake ta..."

Yaya Isam ya kira shi da sunan da ba zan maimaita ba, ya ɗaga ƙafa zai taka min fuska. Tamir ya sunkuya ya ɗauki gudumar katakon da Usta Fikri ke bugun bakan shiɓa da ita. Sau ɗaya ya buga. Yayana ya zube a gefena yana birgima, hannunsa a kan fuska, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa kan farar audugar aurena.

Ga namijin littafi nan ya fito fili, a layinmu, saboda ni. Ban ji ko ɗigon daɗi ba. Ihun Mama kawai nake ji. Tamir ya saki gudumar, ya zauna a ƙasa yana kallon hannunsa har 'yan sanda suka zo.

Idon Yaya Isam na hagu bai tsira ba. Lauya ya gaya wa mahaifiyar Tamir cewa in ba a yi sulhu ba, ɗanta zai daɗe a gidan yari. Dattawan unguwa suka yi zama bayan la'asar, suka yi ta kai da kawo, Yaya Isam da bandeji a rabin fuska ya ce shi ba ya son diyya. Sharaɗinsa ɗaya ne: a mayar wa Tamir zobensa na baiko da gwal ɗin da ya kawo min, kuma muddin yana raye ba ni ba Tamir.

Na ce ban yarda ba. Na ce zan jira Tamir ko shekara nawa ne. Mama ta shigo ɗakina, ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafata, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sabrin, na san wanda ya fara. A gabana aka yi. Amma ta yaya zan ci abinci da surukin da ya tsiyaye wa ɗana ido? Uwar yaron nan kuma shi kaɗai gare ta. Ki sake shi ya fito, 'yata..."

Na tsani yayana a ranar, har yanzu ban gama yafe masa ba. Amma duk lokacin da na ga yana lalubar kofi a tebur yana kuskurewa, sai in tura masa shi kusa da hannunsa. Na cire zoben.

Ranar da aka sako Tamir na roƙi dattawan su bar ni in miƙa masa kayansa da hannuna. A shagonsa na same shi, ya rame, gemu ya cika masa fuska, yana zaune tsakanin matattun firji bai taɓa ko ɗaya ba. Na ajiye ƙunshin a kan tebur. Bai dube shi ba, gefen jikina yake kallo.

"Haƙarƙarin ya warke?"

"Da sauƙi."

Ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce, "Zan tambaye ki abu ɗaya, masoyiyata, kada ki lallashe ni. Da na tsaya tare da mazan can ina kallo, da yanzu kina gidana ko?"

"E," na ce, hawaye na shiga min baki. "Da yanzu ni matarka ce."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"A tsare ba abin da na yi sai wannan tunanin. Na yi nadamar idonsa, Allah ya sani. Amma na nemi yadda zan tsaya ina kallo a taka miki fuska don in same ki, ban samu ba."

Na so in faɗa jikinsa, ko sau ɗaya a rayuwata. Sai dai kawuna da ya rako ni yana tsaye a bakin ƙofa yana jira, rabin layi kuma na leƙe. Na ja mayafina na fita, na bar shi da zoben a gabansa.