Minti Biyu na Shiru

"Ambrose Hillier... jirgin Verna Mae... shekara goma sha tara ke nan."

Kawu Hedley, tsohon mai gabatar da shirye-shiryenmu, ya ninke takardar, ya ɗaga min yatsa ta bayan gilashin situdiyo. Sunan ƙarshe ke nan. Na rufe makirufonsa, na naɗe hannuwana.

Haka muke yi kowace shekara a garinmu Tilley's Arm, nan gaɓar Newfoundland. Ranar Sunaye, ƙarfe sha ɗaya na safe, gidan rediyonmu zai karanto sunan duk wanda teku ta ci, sannan a yi shiru na minti biyu. Mata na tsaye a bakin tashar jiragen ruwa rungume da rediyo, masunta sun kashe inji a tsakiyar ruwa.

Daƙiƙa goma... goma sha biyar...

Sai kiɗa ya fashe!

Kiɗan rawa fa, na akodiyon, irin wanda ake tsalle da shi a gidan biki!

"Corina!" Kawu Hedley ya buga gilashin da tafin hannunsa. "Kashe shi! Kashe shi, 'yar nan!"

Nan take na kashe. Daƙiƙa tara kacal ya yi a iska, amma wallahi ko shekara tara ya yi, iyakar ɓarnar ke nan.

Manhajar da ke tafiyar da gidan rediyon nan ni, Corina Keeping, na kawo ta. Ni na dasa ta a kwamfuta, ni na zuba mata waƙoƙi dubu shida da hannuna. Kafin na dawo daga karatu a birni, in Kawu Hedley ya kwanta mura, tasha ma ta kwanta. Yanzu kuwa rahoton yanayin teku na fita a kan lokaci ko akwai mutum ko babu. Tana da wani abu da muke kira mai gadi: in ya ji tasha ta yi tsit na daƙiƙa goma sha biyar, sai ya ɗauka wani abu ya lalace, ya saki kiɗa.

Na san da shi sarai. Da yatsan nan nawa na kashe shi tun ƙarfe takwas.

Ko minti goma ba a yi ba aka banko ƙofa. Anti Verna ce, matar marigayi Ambrose, shugabar kwamitin gidan rediyo, kuma mahaifiyar Leander, wanda zobensa ke yatsana wata huɗu ke nan. Leander na biye da ita, hular masunta a hannu, fuskarsa ta yi fari fat.

"A kan sunan mijina," ta ce, muryarta a ƙasa. "A kan sunan mijina kika saka min kiɗan rawa."

"Anti Verna, na kashe..."

"Kada ki ce min anti! Ke wa kika rasa a ruwa? Wa? Ubanki malamin makaranta ne, ko ƙafarsa bai taɓa jiƙewa ba! Me kika sani game da shiru?" Ta juya ga ɗanta. "Leander, in dai ni na haife ka, wannan yarinyar da akwatin ƙarfenta ba za su shigo min gida ba."

Ta fice. Maganar ta shige ni har ƙashi, amma ko gezau ban yi ba. Ni ba a ganin hawayena a wurin aiki.

Leander ya matso. "'Yar kifina..."

"Na kashe shi, Leander."

"Na ji. Amma ki zo mu je ki ba ta haƙuri. Ki ce kin manta, shi ke nan. Kowa na mantuwa."

"Ka ce me?"

"Ki ce kin..."

"Ni? Na manta da Ranar Sunaye?" Na zare zoben na ajiye a kan teburin, kusa da maɓallan. "In ka gama yarda da ni, ka san inda yake."

"Haba, Corina! Wannan taurin kan naki..."

"Da shi ka gan ni ka ce kana so."

Ya tsaya yana kallona kamar zai yi kuka, sannan ya bi bayan mahaifiyarsa. Zoben kuwa ya bar shi nan.

Abin da mutanen garinmu ba su sani ba shi ne, manhajar nan ba ta mantuwa. Duk abin da aka taɓa, tana rubuta lokaci da sunan wanda ya taɓa. Na buɗe kundinta. Ƙarfe takwas da minti biyu: Corina ta kashe mai gadi. Ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya: Tonya ta kunna.

Tonya Vardy! Mai gabatar da shirin zaɓe da gaisuwa, tsohuwar budurwar Leander, wadda har gobe take kai wa Anti Verna burodi mai maɗi duk Asabar. Na buga shafin a takarda na tare ta a ɗakin shayi.

"Karanta."

Ta karanta, ta ɗaga kafaɗa. "To? Ke kika ce kada a taɓa barin sa a kashe. Na gan shi a kashe na kunna."

"Minti ashirin kafin a fara sunaye? Tonya, raina min hankali za ki yi?"

Sai ta ajiye kofin shayinta.

"Na zata... na zata muryarki zai saki, wadda kike faɗin sunan tasha. Ɗan abin kunya kawai, Anti Verna ta ji haushinki. Ban san kiɗan rawa ba ne! Na rantse, Corina!" Ta fashe da kuka. "Sunan yayana Wince na cikin takardar nan. Mamata na tsaye a bakin ruwa lokacin... In ta ji ni ce, ba za ta ƙara kallona ba."

Na so in shaƙe ta, Allah ya sani. Takardar nan ita ce aurena, ita ce aikina. In na manna ta a ƙofar kantin gari, kafin la'asar na wanku tas.

Amma na san Anti Myrtle, mahaifiyar Tonya. Tun da Wince ya tafi, Tonya kaɗai ta rage mata. Kuma akwai wata gaskiyar da ta tsaya min a wuya: wa ya zaɓa wa mai gadi kiɗan rawa tun farko? Ni. Wa ya bar shirun gari guda a hannun duk wanda ya wuce ya danna abu ɗaya? Ni.

Na ninke takardar na cusa a aljihu.

"Ba zan wanke kaina da hawayen mahaifiyarki ba," na ce mata. "Amma ki sani, ba don ke na yi ba."

Ranar Laraba kwamiti ya zauna a zauren coci. An yanke cewa za a sake Ranar Sunaye ranar Lahadi, kuma a cire kwamfutar gaba ɗaya, ni ma in bi ta.

Kawu Hedley ya yi gyaran murya. "Ku cire ta, na ji. To wa zai riƙa fitowa kullum ya ba jirage rahoton iska? Ke, Verna? Ni dai gwiwoyina sun yi ritaya tun kafin ni."

Wasu suka yi dariya. Na miƙe tsaye.

"Ku ba ni Lahadi ɗaya. In ko tari ya fita a minti biyun nan, da hannuna zan kwashe ta in jefa a teku."

"Ba ki ma ba da haƙuri ba," in ji Anti Verna.

"Na ba da haƙurin kiɗan, don ni na zaɓe shi. Mantuwa kuwa ban yi ba, kuma ba zan ce na yi ba."

Ta daɗe tana auna ni da ido.

"To. Ranar Lahadi a gefenki zan zauna. Da idona zan gani."

Kwana uku na yi a kan aikin. Na samo wani jan maɓalli babba daga tsohon injin Kawu Hedley, na haɗa shi da kwamfutar, na sake tsara manhajar yadda nake so. Ranar Asabar da rana ina durƙushe ƙarƙashin tebur da wayar lantarki a baki, sai na ga takalman roba sun tsaya a gabana.

"Na kawo miki kifi da dankali," in ji Leander. "An ce tun jiya shayi kawai kike sha."

"Ajiye."

Ya ajiye, ya durƙusa shi ma. "Corina, kwana shida ban yi barcin kirki ba. Na tuna ranar da kika hana ni sumba don rahoton iska ya makara da minti ɗaya. Macen da ta yi haka ba ta manta Ranar Sunaye. Ni ne wawa."

"Sai yau ka sani?"

"Wa ya kunna?"

"Riƙe min wayar nan."

"Masoyiyata, faɗa min mana..."

"Na ce riƙe!"

Ya riƙe. Zuciyata kuwa tsalle take kamar kifin da aka jefo cikin jirgi, amma ban bari ya gani ba. Ya kalli zoben da ke kan tebur.

"In ɗauko?"

"Bar shi sai gobe. Ba zan shiga gidan da uwarka ke ganina a marar mutunci ba."

Lahadi ta zo. Anti Verna ta zauna a kujerar da ke damana, cikin baƙar rigarta ta coci, jaka a cinya. Leander na tsaye jikin ƙofa. Ta nuna jan maɓallin da haɓa.

"Wannan fa?"

"Yanzu babu mai iya kashe mai gadi, babu mai iya kunna shi," na ce. "Ba ya yin barci sai in akwai hannun mutum a kan wannan. Aka ɗaga hannu, ya farka. Na ga bai kamata a bar wa na'ura shirun nan ba. Mutum ya kamata ya riƙe shi."

Ta gyara zama, ta kafe maɓallin da ido.

Kawu Hedley ya fara. Suna hamsin da uku, ɗaya bayan ɗaya. Wince Vardy... sannan can a ƙarshe, Ambrose Hillier. Ya ɗaga yatsa. Na rufe makirufo, na danna jan maɓallin.

Daƙiƙa goma. Goma sha biyar. Goma sha shida...

Shiru.

Ban taɓa sanin minti biyu na da tsawo haka ba. Agogon allo na tafiya, ni kuwa ina jin gari guda a ƙarƙashin tafin hannuna: matan bakin ruwa, jiragen da suka kashe inji, Anti Myrtle. Wajen daƙiƙa hamsin hannuna ya fara rawa. Kwana uku ba abincin kirki, ga gumi ya jiƙe min tafi, na ji yana neman zamewa. Ya Allah, ba yau ba...

Sai na ji wani hannu a kan nawa.

Hannu mai kaushi, mai ɗumi, wanda ya shekara arba'in yana gyaran kifi. Ya danne nawa da ƙarfi. Ban juya ba, ita ma ba ta juyo ba. Hawayenta na ɗiga a kan jakarta, tana motsa leɓe da sunan mijinta.

Haka muka riƙe shi tare har agogo ya cika minti biyu cif.

Kawu Hedley ya buɗe baki da addu'a, yana share ido da hularsa. Anti Verna ba ta ɗauke hannunta ba.

"Tonya ta zo gidana jiya da yamma," ta ce a hankali. "Ba burodi ta kawo ba, gaskiya ta kawo min."

Na juyo na kalle ta.

"Ta ce takardar na aljihunki tun ranar. Na zage ki, na zagi ubanki, kina da abin da za ki rufe min baki da shi. Me ya hana ki?"

"Anti Myrtle."

Ta gyaɗa kai, ta ja hanci. "Myrtle ba za ta ji daga bakina ba." Sai ta harare ni. "Amma ke, wane irin girman kai ne da ke haka? Yarinya sai ka ce dutsen bakin teku!"

"Haka Leander ke cewa."

"Haka Ambrose ke ce min ni ma." Ta miƙa ɗaya hannun ta ɗauko zoben daga kan tebur. "Kai, Leander! Ka tsaya nan kamar sandar shanya raga? Zo ka mayar mata da abinta kafin wani mai hankali ya riga ka!"

Har tuntuɓe ya yi. Ya durƙusa a gabana.

"'Yar kifina... kin yafe?"

"Saka dai, sai mu gani."

Ya saka. A nan ne hawayen da na riƙe kwana bakwai suka ƙwace min, a wurin aiki, a gaban kowa, kuma ban damu ba.

Ranar da aka ɗaura mana aure a watan Yuni, gaba ɗaya ma'aikatan gidan rediyo suna coci, har da Tonya a kujerar baya. Manhajata ita kaɗai ta riƙe tasha, rahoton iska ya fita a kan daƙiƙarsa, na ji shi ta rediyon motar Kawu Hedley muna fitowa. Na kalli Leander na ɗaga gira, ya ce na fiye alfahari. Ban musa ba.

Ana cikin liyafa Anti Verna ta jawo ni gefe.

"Ranar Sunaye ta baɗi, ki ajiye min kujerata."

"Ai akwai masu so da yawa yanzu, Anti. Har an fara rubuta suna."

"Su rubuta!" ta ce. "Maɓallin nan nawa ne da 'yata. Kuma ki daina ce min anti, kin ji ko?"

"Na ji, Mama."