Keken Ɗinkin da Ya Yi Shiru

Faɗa ya shigo yi ranar da ya fara ganin ta. Mai gyaran waya ne, bango ɗaya ya raba shagonsa da nata, ƙarar keken ɗinkinta kuwa ta hana shi sakat.

"Malama, wannan keken naki..."

Sai ta ɗago kai, allura a bakinta. Bawan Allah ya manta abin da ya kawo shi, ya ɓige da cewa aljihun rigarsa ne ya yage.

Tun daga ranar ya laƙaba mata Allura, ita kuma tana ce masa Maƙwabci. Da soyayya ta kai su ga maganar aure, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta taɓa yin ciwon damuwa, irin wanda ke kwantar da mutum ya kasa ko wanka, kuma ƙwayar da take sha kowace safiya ce ke hana shi dawowa. Likita ya ja mata kunne kada ta daina sai da saninsa.

Tsautsayi ya sa Innarsa ta gan ta a layin likitan ƙwaƙwalwa, ranar da ita Innar ta je karɓar maganinta na hawan jini.

"Da raina ba za ka kwaso min mai taɓin hankali ba," in ji Inna. "Ga 'yar ƙanwata nan, lafiyarta ƙalau."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayar Allura: "Allurata, ki ajiye maganin nan in ce wa Inna kin warke. Ai kin ma warke. Ga ni, me ƙwaya za ta yi miki da ba zan yi ba?"

Ta san ba daidai ba ne, wallahi ta sani. Amma tsoron rasa shi ya fi ƙarfinta. Ta cusa kwalbar ƙarƙashin zare, ta rufe durowa.

Da farko shiru, har Inna ta fara saukowa. Sai barci ya ƙaurace wa Allura. Abinci ya fita ranta. Takan zauna gaban keke da yadin mutane a cinya, ƙafarta a kan feda, ta kasa takawa. Ta gane shi sarai, tsohon ciwon ne ya dawo, kuma ita ta buɗe masa ƙofa da hannunta. Baƙin cikin wannan ya fi komai cin ranta.

Ta rubuta masa: "Maƙwabci, ka auri 'yar uwarka. Ni kaya ce, ba wanda zai iya ɗauka ta. Ka yafe min."

Ba a jima ba ta ji ana ƙwanƙwasa bango. Ba ta motsa ba. Ya zagayo ya same ta zaune, ko taga ba ta buɗe ba.

"Tun makon jiya nake kasa kunne ban ji kekenki ba," in ji shi. "Na ɗauka fushi kike da ni. Ashe ni na kashe shi."

"Na gaji," kawai ta iya cewa.

"Na sani. Tashi mu je wurin likita. Idan kin kasa, zan zauna nan har ki iya."

Likita ya yi musu faɗa su biyun, ya mayar da ita kan magani. Sauƙin bai zo da wuri ba. Akwai safiyar da ta yi kuka don kawai gari ya waye.

Shi kuwa ya durƙusa gaban Inna ya gaya mata ƙaryar da ya yi da abin da ta jawo.

"Inna, ke ma kullum sai kin sha naki. Da wani zai ce ki daina don a so ki, wallahi da na yi faɗa da shi. Ni kuwa haka na yi mata."

Inna ta ɗauko kwalbar maganinta tana juya ta a hannu, daga ƙarshe ta amince.

Aka ɗaura aure ba wani taro. Allura ta shiga gidan da fargaba, don likita bai yi mata alkawarin ciwon ba zai sake leƙowa ba.

Washegari da safe aka yi sallama. Inna ce, da kofi biyu na ruwa.

"Ɗauko naki, 'yata, mu sha tare. Ni mantuwa gare ni, ki riƙa tuna min, ni ma in tuna miki. Allah Ya yi muku albarka."

Allura ta haɗiye ƙwayar, hawaye na ɗiga cikin kofin.

"Amin, Inna."