Inda Baki Ya Haɗu da Murya

Ƙarfe goma na safiyar Laraba Madam Prudence ta faɗo ofishin Sufeto Manniru ko sallama babu, ta dire masa waya a kan tebur har shayinsa ya fantsalu.

"Oga, duba! Fim nawa ne wannan. Shekara biyu ina fama da shi, bai fita ba tukuna, yau na same shi a wayan mai gyara mini gashi."

Sufeto ya goge takardunsa, ya ce ta zauna. Da ƙyar ya tsamo zancen daga cikin ihunta. Faifai ɗaya tak ne ke ɗauke da fim ɗin, don kwamfutar da aka tace shi a kai ta ƙone. Ran Litinin ta kai shi shagon wani Bernard a kasuwar Wuse, don ya juye mata a filashi ta kai wa gidan talabijin. Kafin la'asar faifai ya yi layar zana. Washegari sai ga fim yana yawo a wayoyin mutane.

Kofur Bello, da ke tsaye bakin ƙofa, ya ƙame. "Yallaɓai, Bernard yana sel tun jiya. DPO ya sa hannu, gobe da safe kotu. 'Yan ƙungiyar kasuwa kuma sun ce ranar da aka gurfanar da shi, ranar za su karɓe shagon."

"Ya amsa laifin?"

"Bai amsa ba, Yallaɓai. Amma zai amsa."

Wannan "zai amsa" na ɓata wa Manniru rai fiye da komai a aikin nan. Ya sallame su, ya jawo wayar ya kunna.

Bai taɓa kallon abin haushi irin wannan ba. Mutane suna ta motsa baki, shiru kake ji, sai an sake wuri sannan gaisuwarsu ta iso. A zabga wa mutum mari, ya tafi gida ya ci tuwo, sannan ka ji tas! Ya tura zuwa ƙarshe, nan kuma abin ya juye: ana jin mata na rusa kukan mutuwa, alhali mamacin yana zaune yana ɓare gyaɗa. Sufeto ya kife wayar, ya ja tsaki, ya sa a kawo masa Bernard.

Bernard ya shigo ba takalmi, idanu jawur. Ya kalli fim ɗin minti ɗaya, ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci.

"Oga, ko kashe ni za a yi, wannan ba aikina ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a."

"Yi mini bayani yadda zan gane."

"Matsalan iri biyu ne. Wani, murya yana latti daidai wa daida tun farko har ƙarshe. Wannan sai ka ja shi kaɗan, shi ke nan. Wani kuma gudun hoto ne aka ɓata. Faifan Madam hoto ashirin da biyar yake gudu a sakan ɗaya. Wanda ya juye ya bar shi a ashirin da huɗu. To hoto na tafiya a hankali, murya na gudunsa, tazara na ta ƙaruwa. Sai ka mayar da lamban daidai ka sake juyewa, ka duba farko, tsakiya, ƙarshe."

"In murya ce ke gaba, me ya sa a farko take baya?"

Bernard ya ce, "To ya gwada gyarawa ke nan. Ya ja muryan baya gaba ɗaya. Ɗan koyo ne, Oga."

"Ran Litinin ka bar shagon?"

"Ko taku ɗaya."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Sufeto ya lura.

Shagon wani ɗan lungu ne tsakanin masu gyaran waya, da benci ɗaya a ƙofa. Kusa da shi Kande mai abinci na zuba wa mutane shinkafa da wake. Ba ta ko daina aiki ba ta amsa.

"Wa ya ce bai fita ba? An ɗauke wuta, ya ɗauki galan ya tafi neman man janareta. Ya fi awa guda."

"Ya kulle?"

"Ina fa! Ya bar 'yan fim ɗin nan su huɗu a kan benci. Wai sun zo su ga kansu a kwamfuta. Faranti biyu suka saya su huɗu, surutu kamar su ashirin."

Manniru ya koma ofis a cike fam. Ga mutum ana shirin kai shi kotu, shi kuma yana zuba ƙarya. Ya tsare Bernard da ido.

"Oga, 'yan cocinmu ne," in ji Bernard cikin sanyin murya. "Tare muke waƙa. Yaya zan ba da sunansu a caji ofis?"

"Su kuwa ga shi sun cika ofis suna neman belinka," Sufeto ya ce, yana nuna masa bencin baƙi da babu kowa a kai.

Ya sa aka kira mutum huɗun. Kowa ya rantse. Helen, tauraruwar fim ɗin, ta ce ita ta fara tashi. Sauran biyun suka ce tare suka tafi. Na huɗun, Elvis, mai yanka tikiti a tashar motar Jabi, ya ce shi ko kunna kwamfuta bai iya ba. Awa biyu ana abu ɗaya, ba a matsa ko nan da can ba. DPO ya leƙo sau biyu yana tambaya ko an shirya takardun kotu.

Da suka watse, Sufeto ya zauna ya dafe kai. Sai maganar Bernard ta dawo masa. In murya ta fara a baya ta ƙare a gaba, dole akwai inda suka haɗu da hoto. Kuma mai gyaran shi ya zaɓi wurin, don da shi ya auna.

Ba yadda ya iya, ya kunna fim ɗin daga farko. Ya jure marin da ba ƙara, ya jure ƙarar da ba mari. Sau biyu ya kusa yin jifa da wayar mutane. A minti na talatin da shida wani direban tasi ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, duniya ba ta jiran kowa. Ki shiga mu tafi." Kowace kalma ta zauna a bakinsa daram. Yana rufe baki, abin ya sake wargajewa.

Sufeto ya mayar, ya sake kallo. Direban Elvis ne, kuma a duk fim ɗin nan kaɗai ya fito.

Ya kira Madam Prudence a waya. "Akwai abin da kika ce Bernard ya cire daga fim ɗin?"

"Babu komai, Oga."

"Madam, mutum zai kwana na biyu a sel saboda ke."

Sai ta ce gidan talabijin sun ce fim ya yi tsawo, ta ce a yanke wurare uku. Ciki har da na mai tasi. A bakin shagon ta faɗa, da ƙarfi kuwa, kamar yadda take faɗin komai.

Ƙarfe huɗu suka hau tudun Mpape, unguwar su Elvis, shi da Kofur Bello. Mota ta tsaya inda hanya ta ƙare, suka ƙarasa da ƙafa ta tsakanin duwatsu, Sufeto yana haki yana tsine wa wanda ya fara ƙirƙiro fim. Suka tarar da Elvis a ƙofar ɗakinsa da wata tsohuwar kwamfutar cinya, maƙwabta sun kewaye shi, yana nuna musu wurin mai tasi.

"Ashe ka iya kunnawa," in ji Sufeto.

Elvis ya yi tsuru-tsuru. "Oga, turo mini aka yi, kamar kowa."

"Fim na minti tamanin, baki bai haɗu da murya ba sai a jimla biyu, kuma naka ne. Wa zai zauna ya gyara wa mai tasi magana ya bar tauraruwa tana motsa baki kamar kifi?"

Kofur Bello ya shiga ɗakin ya ɗaga katifa. Ga faifan nan a cikin leda.

Elvis ya sulale ya zauna a kan dutse. "Sau goma sha bakwai aka ɗauki wurin nan, Oga. Na bar aiki kwana uku. Na buga wa mamana waya a ƙauye na ce za ta gan ni a talabijin. Sai in ji Madam na cewa a yanke, kamar ƙumba. Ban sayar ba, wallahi. Mutum biyar kawai na tura wa."

"Ka san Bernard yana sel?"

"Na ce za su sake shi. Ai bai yi komai ba."

"Gobe za a kai shi kotu a ƙwace masa shago."

Elvis ya miƙa hannu aka sa masa ankwa.

Suna isa ofis ana fito da Bernard, yana karɓar takalminsa da bel a kanta. Ya ɗago ya ga wanda ke cikin ankwa, takalmi ɗaya ya suɓuce masa.

"Elvis? Kai da na bar wa shagona?"

"Broda, yi haƙuri. Za su yanke ni ne."

Bernard ya daɗe yana kallonsa. "Da ma na yi niyya in cire maka wurin naka daban, in gyara, in sa maka a waya ka kai wa mamanka. Shi ya sa na tafi neman mai da sauri."

Kofur Bello ya kama Elvis a kafaɗa, ya wuce da shi ɗakin da Bernard ya fito.